Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Me Ke Cikin Ɗan Tsibiri Da Har Sojoji Ke Mutuwa A Kansa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonnin wannan karon da yawansu kan yaƙi da teku suka faɗa, to sai na tsince waɗanda suka shafi tsibirai na haɗa su wuri guda tunda amsar wata tana shiga cikin wata. Masu tambaya kan lefe da rabon gado ku yi haƙuri, naku na nan a ajiye sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA daga wani ɗalibi a Gwammaja: Salam Malam, don Allah lokacin da Rasha ta shiga Yukren na ji ana ta maganar wani Tsibirin Maciji, na duba shi a Google wallahi ko unguwarmu bai kai ba, ba gona ba gari ba komai sai dutse, to wai mene ne abin zubar da jini a kai? Ko dai akwai ma'adinin da suke ɓoyewa ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Dutsen da ka gani shi ne dai, faɗinsa hekta 17 ne kacal, sai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da 'yan gine-ginen masu gadin iyaka. Akwai iskar gas a ƙarƙashin tekun da ke kewayensa, har Romaniya da Yukren suka kai juna kotun duniya kan iyakar ruwan aka yanke musu hukunci a 2009, amma ba don gas aka yi faɗan 2022 ba. Abin da ake so ba a cikin tsibirin yake ba, ta gefensa yake wucewa. Ka shiga Kantin Kwari ka tambayi kuɗin hayar ɗan teburi a bakin ƙofa inda kowa sai ya gifta, sannan ka tambayi na ƙaton shago a can lungun saman bene da ba mai hawa, za ka sha mamaki. To tsibirin nan teburin bakin ƙofa ne.

Yana cikin Bahar Aswad, kimanin kilomita 35 daga gaɓa, daf da inda kogin Danube ke zuba a teku, kuma jirgin da ya yi lodin alkama ko masara a tashar Odesa ya nufi Turkiyya ta nan kusa yake bi. Duk wanda ya girke rada da makamai masu linzami a kan dutsen nan to ya shaƙe Odesa, yana ganin mai shiga yana ganin mai fita, in ya ga dama ya hana. Shi ya sa tun ranar farko ta yaƙin, 24 ga Fabrairun 2022, Rasha ta tura babban jirgin ruwanta na yaƙi Moskva ya je ya tsaya ya ce wa masu gadin su miƙa wuya, ɗaya daga cikinsu ya mayar masa ta rediyo da wani ashar da ba zan iya sa shi a mujalla ba, aka yi ruwan wuta aka kame su. Da farko ma an ɗauka duk sun mutu, daga baya aka gano suna hannu.

Amma fa kama tsibiri shi ne mai sauƙin, riƙe shi ne aiki, kuma wannan maganar ka riƙe ta don za ta yi ta dawowa a sauran amsoshin. A watan Afrilu Yukren ta nutsar da Moskva ɗin, wanda shi ne ke kare sararin samaniyar yankin. Daga nan sojojin Rasha da ke kan dutsen suka shiga uku, ruwan sha da abinci da harsashi da man janareta duk sai an kawo a kwalekwale ko helikwafta, kuma duk abin da ya taso jiragen Bayraktar marasa matuƙi na kallonsa, manyan bindigogin atilare daga gaɓa suna iya kaiwa, wuri ne fili fetal ba daji ba tudun fakewa. Ranar 30 ga Yuni suka tattara suka fice, Mosko ta ce wai don nuna kyakkyawar niyya ta janye, ni dai a wajena borin kunya ne. Ba a cika wata guda ba aka sa hannu kan yarjejeniyar fitar da hatsi a Istanbul ranar 22 ga Yuli, jirage suka fara fita daga Odesa. In ka tuna yadda buhun fulawa da burodi suka yi tsalle a shekarar, ba wannan ne kaɗai dalili ba don mu ma muna da namu na gida, amma toshewar waccan hanya na ciki.

TAMBAYA daga wata 'yar'uwa a Fagge: Malam barka da aiki. Kakanmu kafin ya rasu yana ba mu labarin cewa lokacin yaƙin Hitila jiragen sama suna ta sauka a Kano ba dare ba rana, wai wasu daga Amurka suke. Mu dai muna ɗauka labarin tsofaffi ne. Da gaske ne? In da gaske ne ta yaya jirgin wancan zamanin ya tsallako teku?

AMSA: Allah Ya jiƙan Kaka da rahama, 'yar'uwa, ko kaɗan bai ƙara gishiri ba. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, sai Bahar Rum ta zama wajen da jirgin ruwan Ingila ba ya ratsawa lafiya, ga shi kuma suna da sojoji a Masar da ke jiran jiragen yaƙi. Dabarar da suka yi ita ce a kwance jiragen a zuba a manyan akwatuna a kawo ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, sannan su taso ayari-ayari su bi ta Legas su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi su faɗa Sudan ta El Fashir zuwa Khartum, daga nan su bi kogin Nilu har Alƙahira. A watan Satumbar 1940 aka fara, dubban jirage suka bi ta nan. Kuma abin ya yiwu ne saboda gwamnan Chadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi bayan Janar De Gaulle, da ya bi gwamnatin Faransa ta Vichy da ke ɗasawa da Jamus kamar yadda Nijar ta kasance a lokacin, da hanyar ta yanke.

Da Amurkawa suka shigo su ma sai suka hau wannan hanyar, nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Jirgi zai taso daga Amurka ya yi ta yada zango har garin Natal a Birazil, inda teku ta fi tsukewa tsakaninsu da Afirka, to amma ko a nan ɗin jirage masu inji biyu da yawa mansu ba ya kai su. A tsakiyar Tekun Atalantika akwai wani tsibiri na Ingila sunansa Ascension, murabba'in kilomita 88, tokar aman wuta ce da baƙin dutse, ruwan sha ma da ƙyar. Tun 1815 Ingila ta ajiye sojoji a kansa, shi ma ba don komai ba sai don sun tsare Napoleon a tsibirin Saint Helena suna tsoron kada Faransawa su fake a nan su zo su sace shi. A 1942 injiniyoyin sojan Amurka suka sauka da nakiyoyi da katafila suka fasa dutse, cikin 'yan watanni suka shimfiɗa titin saukar jirgi. Babbar matsalarsu ma ba Jamusawa ba ce, tsuntsayen teku ne da ke ƙwai a wajen dubbai-dubbai, jirgi zai tashi su ma su tashi su cika gabansa, har sunan tsuntsayen aka raɗa wa filin, Wideawake.

To tafiyar sai ta rabu biyu, sama da kilomita 2,000 daga Natal zuwa Ascension, a sha mai a huta, sannan wata sama da 2,000 zuwa Akra, daga Akra sai Kano. Ki tuna ba GPS a lokacin, mutum ne zaune da taswira da agogo da kamfas yana lissafi, yana neman ɗigon dutse a tsakiyar ruwa, in lissafin ya karkace kaɗan ya wuce shi bai gani ba shikenan ba wani wurin sauka. Matuƙan har zolaya suke a tsakaninsu cewa wanda ya kuskure Ascension matarsa ta fara karɓar fansho. Don haka jirgin da Kaka ya gani yana sauka a Kano, mai yiwuwa kwana biyu kafin nan a kan wannan dutsen ya kwana.

Shekara 40 bayan nan tsibirin ya sake amfani. Da Ajantina ta kame tsibiran Falklands ranar 2 ga Afrilun 1982, Ingila ba ta da wani sansani kusa sai Ascension, duk da shi ma nisansa ya haura kilomita 6,000. Don jirgin Vulcan guda ɗaya tal ya je ya jefa bam a filin jirgin Stanley, babban garin tsibiran, ya dawo, sai da jiragen tankar mai 11 suka tashi suna shayar da shi suna shayar da junansu a sama. Yaƙin ya ƙare 14 ga Yuni, Ajantina ta rasa mutum 649, Ingila 255.

TAMBAYA daga wani malamin firamare a Ɗorayi: Malam musu ne ya kaure a majalisarmu, wani ya ce Hitila ya taɓa mamaye ƙasar Ingila, ni kuma na ce ƙarya ne sojansa bai taɓa taka ta ba. Ka raba mana gardama.

AMSA: Malam kai da abokin naka kowa na da rabin gaskiya, sai ku raba kuɗin shayin. Sojan Jamus bai taka babban tsibirin Birtaniya ba, amma ya riƙe wasu ƙananan tsibirai da ke ƙarƙashin sarautar Ingila, wato Jersey da Guernsey da Alderney da Sark, kusan shekara biyar. Suna daf da gaɓar Faransa ne, Jersey bai fi kilomita 22 daga can ba. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940 gwamnatin Churchill ta duba ta ga wuraren nan ba abin da suke tsarewa kuma ba za a iya kare su ba, sai ta kwashe sojojinta, aka kwashe yara da yawa da kusan duk mutanen Alderney. Sakacin da aka yi shi ne ba a sanar da Jamus da wuri cewa ba soja a wajen ba, ranar 28 ga Yuni jiragensu suka zo suka ga layin motoci a bakin tashar ruwan Guernsey suka ɗauka na soja ne, alhali tumatir manoma suka kawo lodi, suka sakar musu bam, mutum 44 suka mutu a Guernsey da Jersey. Kwana biyu bayan nan suka sauka ba wanda ya harba ko harsashi ɗaya.

Ina son wannan labarin saboda shi ne kishiyar na Ascension. Can dutse ne mara komai amma yana kan hanya, nan kuwa ga gonaki ga shanu ga gari amma ba ya kan hanyar kowa. Hitila dai ya ƙwallafa rai saboda farfaganda, a ɗauki hoton sojansa yana tafiya kusa da ɗan sandan Ingila a nuna wa duniya, sai ya ba da umarni a 1941 a mayar da tsibiran ganuwa. Aka yi ta zuba siminti da ƙarfe, aka haƙa ramuka a cikin dutse, aka girke manyan bindigogi, aka jibge dubun-dubatan sojoji. Masu aikin kuwa fursunoni ne da mutanen da aka kamo daga Rasha da Yukren da Polan da sauran wurare, a Alderney har sansanonin bauta aka kafa, ɗaruruwa suka mutu da yunwa da duka.

Su kuma mutanen gari rayuwa ta juye musu. Aka mayar da agogo lokacin Jamus, aka ce tuƙi ya koma hannun dama, a 1942 aka ƙwace rediyo gida-gida, wanda aka kama yana sauraren BBC sai kurkuku, a shekarar kuma aka kwashi sama da mutum 2,000 aka kai sansanoni a Jamus. Wasu mata Yahudawa uku da aka fitar daga Guernsey a sansanin kisa na Auschwitz suka ƙare. Ganyen shayi ya ɓace mutane suka koma dafa ganyen daji, gishiri sai a tafasa ruwan teku, tayar keke in ta mutu a naɗa tiyon ruwa ko igiya a kan garen a ci gaba da lallaɓawa. Har yau kuma suna muhawara a can kan wa ya ba da haɗin kai ga 'yan mamaya, wa ya yi don dole, don shugabannin gari da 'yan sanda sun ci gaba da aiki a ƙarƙashin Jamusawan.

To da sojojin ƙawance suka sauka Normandy a Yunin 1944 me suka yi da duk wannan ganuwar? Ko kallonta ba su yi ba, wucewa suka yi suka kame tashoshin ruwan Faransa da ake kawo wa tsibiran abinci daga can. Sojojin Jamus suka zama gaba kura baya sayaki, ba su yi yaƙi ba ba su kuma iya fita ba, runduna guda da Hitila ke matuƙar buƙata a wani fagen tana zaune tana gadin siminti. Da sanyi ya shigo yunwa ta kama kowa, sai a ƙarshen Disambar 1944 jirgin Red Cross mai suna Vega ya fara kawo wa farar hula ƙunshin abinci, su kuwa sojojin mamayar suka koma tonon gonaki da dare da kama kyanwa da karnukan mutane. Sai 9 ga Mayun 1945 suka miƙa wuya, bayan Jamus ɗin kanta ta faɗi.

TAMBAYA daga wani mai adaidaita sahu a Kurna: Oga akwai hoton nan da ake yawan sawa na sojojin Amurka suna ɗaga tuta a kan tsauni, an ce min a wani tsibirin Japan ne kuma an kashe mutane ba adadi. Riba aka ci ko asara?

AMSA: Ɗan'uwa Iwo Jima kenan, tsaunin kuma Suribachi. Tsibirin murabba'in kilomita 21 ne, baƙin yashi da warin ƙibiritu, yana kimanin kilomita 1,200 kudu da Tokiyo, kusan rabin hanya tsakanin Japan da tsibiran Mariana inda manyan jiragen B-29 ke tasowa su je jefa bam. Japanawa na da filayen jirgi da rada a kai, Amurka kuma tana son wurin da jirgin da ya samu matsala zai sauka da inda ƙananan jiragen rakiya za su tashi. Kwamandan Japan, Janar Kuribayashi, ya san ba agaji da zai zo masa, sai ya sa aka haƙa ramuka masu haɗe da juna na kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, ya hana yaransa harbi har sai da Amurkawa suka cika bakin ruwa ƙafafunsu na nutsewa a yashi sannan aka buɗe musu wuta. An sauka 19 ga Fabrairun 1945 ana zaton aikin 'yan kwanaki ne, ya ci kwana 36. Amurkawa kusan 6,800 suka mutu, Japanawa kuwa cikin kimanin 21,000 'yan ƙalilan ne suka fita da rai.

Riba ko asara? Sojan Amurka sun ce jiragen B-29 sun sauka a wajen sama da sau 2,000, don haka an ceci rayuka masu yawa. Masana tarihi daga baya suka bi takardun suka ce da yawan saukar ba ta gaggawa ba ce, shan mai ne ko atisaye. Ni a nawa ganin an biya tsada fiye da kima, musamman in ka kwatanta da abin da Amurkawan da kansu suka yi a Rabaul da ke Papua New Guinea ta yanzu, inda Japan ta tara sojoji kusan 100,000, suka ƙi kai musu hari ta ƙasa, suka kame ƙananan tsibiran kewaye suka yanke musu hanya suka bar su suna noman rogo da dankali har yaƙi ya ƙare.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban takaici. A Yunin 1942 Japan ta kame Attu da Kiska, wasu tsibirai masu hazo da sanyi a ƙarshen Alaska. Attu sai da aka gwabza kafin a karɓe shi a Mayun 1943. Da aka zo kan Kiska a watan Agusta aka tara sojojin Amurka da Kanada kimanin 34,000 aka yi ta luguden wuta aka sauka, ashe Japanawa sun sulale da mutanensu sama da 5,000 cikin hazo tun ƙarshen Yuli, ba kowa a wajen. Amma duk da haka sai da aka yi asarar rayuka, wasu nakiya ta tashi da su, wasu kuma 'yan'uwansu ne suka harbe su a cikin hazo suna zaton abokan gaba ne. 'Yan asalin Attu kuwa, mutum 40 da 'yan kai, Japan ta kwashe su zuwa Hokkaido, kusan rabinsu suka mutu a can, waɗanda suka rayu kuma Amurka ba ta mayar da su garinsu ba.

TAMBAYA daga wani Alhaji a Ƙofar Mata: Malam yanzu da ake harba makami daga wata ƙasa ya faɗa wata, ga tauraron ɗan'adam, tsibiri na da sauran amfani kuwa?

AMSA: Ranka ya daɗe yana da shi, sai dai wanda ke da amfani jiya ba lallai shi ne na yau ba. Jirgin yanzu ba ya buƙatar yada zango a tsakiyar Atalantika, amma mashigin ruwa yana nan inda Allah Ya ajiye shi. Mashigin Hormuz bai kai kilomita 40 ba a inda ya fi tsukewa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta nan ya saba bi, shi ya sa Sarkin Iran ya tura soja suka hau Abu Musa da Tunb Babba da Tunb Ƙarami ranar 30 ga Nuwamban 1971, kwana biyu kafin a kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma har yau Larabawan na cewa nasu ne. A bakin Bahar Maliya akwai Perim da ya raba mashigin Babul Mandab gida biyu, Ingila ta zauna a kansa daga 1857 zuwa 1967 don tsaron hanyar Indiya. Can sama kaɗan akwai Kamaran, inda Turkawa ke killace alhazan da suka zo ta ruwa don duba cuta kafin su wuce Jidda, shi ma Ingila ta karɓe a 1915.

Sannan dokar teku ta 1982 ta ƙara wa abin kuɗi, tsibirin da mutane za su iya rayuwa a kai yana jawo wa mai shi haƙƙin kifi da mai har mil 200 na ruwa, dutse zalla kuma mil 12 kawai. Shi ya sa Chaina ta yi ta zuba yashi a kan duwatsun ruwa a tekun kudancinta har ta shimfiɗa titunan jirgi na kilomita 3, kotun sasanci ta ce a 2016 hakan bai ba ta haƙƙi ba, ita kuwa ko a jikinta. Diego Garcia da ke tsakiyar Tekun Indiya daga nan jiragen Amurka suka riƙa tashi zuwa Iraƙi da Afganistan, kuma don a gina sansanin sai da Ingila ta kwashe 'yan asalin wurin kaf tsakanin 1968 da 1973.

TAMBAYA daga wata Hajiya mai sana'ar kifi banda a Sabon Gari: Malam mu da ba mu da teku a Arewa wannan magana ta shafe mu kuwa? Don masu kawo mana kaya daga Baga kullum zancensu tsibiri kaza an hana shiga, tsibiri kaza sai an biya.

AMSA: Hajiya ai ku kuka fi kowa sanin ta shafe mu. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai, da ruwa ya ja baya sai tsibirai suka yi ta ɓullowa, masunta da manoma, Hausawa da Kanuri da Buduma da sauransu, suka bi ruwa suka kafa garuruwa ba tare da wani ya tsaya tambayar ƙasar wa yake takawa ba. A 1983 sojojin Chadi suka hau wasu tsibiran ɓangaren Najeriya, Buhari na kwamandan runduna ta 3 a Jos lokacin, ya kore su har ya bi su cikin ƙasarsu fiye da yadda gwamnatin Shagari ta so. Sai kuma yankin Darak, da mutanenmu suka cika shi har ana ganin Najeriya ce, hukuncin kotun duniya na 10 ga Oktoban 2002, wanda ya ba Kamaru Bakassi, shi ya ba ta nan ma, a ƙarshen 2003 aka sauke tuta.

Ko a yaƙin basasa, cikin manyan nasarorin farko na sojan tarayya akwai kame tsibirin Bonny ta ruwa a watan Yulin 1967 ƙarƙashin Benjamin Adekunle, don nan ne ake lodin ɗanyen mai, da ya fita hannun Biyafara maganar kuɗin mai ta fita. Su kuma 'yan Biyafara abin da ya riƙe su har 1970 wani tsibirin ne, Sao Tome, daga nan jiragen agaji ke tashi da dare su sauka a kan titin mota da aka faɗaɗa a Uli.

Abin da masu kawo miki kaya ke faɗa kuwa shi ne na yanzu. Tsibiran da suke kira tumbu-tumbu suna cikin ruwa mara zurfi da ciyawa ta rufe, motar soja ba ta shiga, babban jirgin ruwa ba ya shiga, daga sama ba a gani sosai, kuma hanyar da aka bi bana baɗi ta toshe ko ta bushe, sai ɗan gari da kwalekwalensa. Ga iyakar ƙasa huɗu a kusa, in an matsa daga nan a zille can. Mayaƙan ISWAP da na Boko Haram sun gane haka suka shige, kuma su matsalar da ta kori Rasha daga Tsibirin Maciji ba ta kama su ba, don abincin a wurin yake, ga kifi ga gero ga shanu ga barkono, suna karɓar haraji a hannun masunta da makiyaya. A watan Maris na 2020 suka afka wa sansanin sojan Chadi a Bohoma suka kashe kusan 100, marigayi Idriss Déby da kansa ya je ya jagoranci ramuwa, aka fatattake su daga tsibirai da dama, amma da sojoji suka koma bariki suka sake lallaɓowa, don ba gwamnatin da ta iya ajiye soja da asibiti da kasuwa a kowane tumbu. Hukumomin tsaro kuma don su yanke musu kuɗin shiga sun sha hana safarar kifin, masunci ya rasa ta inda zai ɓullo, a ciki a karɓa a hannunsa a waje a tare shi. Duk wannan kuɗin a kan kwalin bandar da ke iso ki yake hawa, Hajiya, ba dillalin ne kaɗai ke tsawwala miki ba.